Jikan Masunta Ya Zama Baran Kifi

Taubashi,

 Yaya Argungu, yaya ruwa? Mu nan Hustan lafiya lau, sai zafi da aiki.

Saƙonka na kuɗin gyaran kwalekwale ya iso. Za su zo, amma ka ƙara haƙuri, don na yi baƙo mai tsada. Kifi ne. Riƙe dariyarka tukuna: ba na miya ba ne, ba na sayarwa ba, na kallo ne. Ɗanka na fari ya gan shi a shagon dabbobi ya kafe sai shi, uwarsa ta mara masa baya. A ƙasar nan in yaro da uwarsa suka haɗa kai, an gama zaɓe.

Gar suke ce masa. Jiki dogo, baki dogo cike da haƙora masu tsini, ɓawon jikinsa kuwa don tauri mutanen asalin ƙasar nan sun yi kan kibiya da shi. Masana sun ce zuriyarsa ta haura shekara miliyan 100 a ruwa. Na gargaɗi yaron kada ya kai wannan magana gaban Kawu, don zai tambaye shi wa ya ƙirga. Namu ɗan Fulorida ne mai ɗigo-ɗigo, a gida yakan kai santimita 60. Allah ya rufa mini asiri bai zaɓi babban wansa mai kan kada ba. A 2011 an kama ɗaya a tafkin Chotard na jihar Misisifi, tsawonsa ya ɗara mita 2.5, nauyinsa kilo 148. Kifin da ya ci gasar kamun kifi ta Matan Fada a 2020 kilo 78 ne, aka ba mai shi motoci biyu da kujerun Makka biyu. Nan Tekzas tun 2009 doka ta ce mai kan kada ɗaya tak za ka ɗauka a rana. Ka ga hannu ba ya biyu, balle goran suntu ya cika.

To, ɗakin baƙo. Tankin gilashi ne, tsawo ƙafa 6, faɗi ƙafa 2, yana cin lita kusan 680. Na nemi siriri mai arha, mai shago ya ce a'a. Wai jikin malam a sandare yake, ba ya lanƙwasuwa, in ɗakin ya matse ba zai iya juyawa ba. Kuma in ya razana yakan zabura ya daki gilashi ya karya ƙashin baya. Saboda haka a gidana yanzu ba a buga ƙofa, ba a kunna fitila farat ɗaya, ni kaina in zan yi atishawa kicin nake shiga. Kowace lita kilo guda ce, ka haɗa da gilashi da yashi, ka ga dalilin da mai gidan haya ya zo da kansa ya ƙwanƙwasa daɓe kafin ya yarda.

Abin da zai fi ba ka mamaki, bayan an cika tanki ba a sa kifi. Sai an jira mako huɗu zuwa shida. Kashin kifi yana zama guba mai suna amoniya, sai wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani sun zauna a cikin matatar ruwa, su juya gubar zuwa wata gubar, wasu kuma su juya wannan zuwa mai sauƙi, wadda ake ragewa da sauya rubu'in ruwan duk mako. Kifin yana shago yana jira, ni ina gida ina ɗiga wa ruwa abinci. Baƙi su zo su tsaya gaban tanki, su leƙa dama su leƙa hagu, su ce ina kifin, in ce ai ƙwayoyi nake kiwo tukuna. Wani ɗan uwa Bakano ya ja ni gefe ya tambaye ni ko ina samun barci. Ruwan famfo ma sai an sa masa magani, don kilorin da ke ciki yana kashe ƙwayoyin da kifin duka. Ni da na sha gulbi da hannu na girma, ga ni da ƴan kwalabe ina ɗiga sinadari ina gwada launi da takarda.

Murfi dole ne, mai nauyi, don yana tsalle. Amma kada ruwa ya taɓa murfin, domin yana tasowa ya haɗiyi iska kamar gaiwa, in ya rasa sarari sai ya wahala. Na kuma sayi ƙaramin janareto, tun da guguwar Beryl ta 2024 ta ɗauke wa gidaje sama da miliyan 2 wuta a garin nan. Shi kifin zai jure, ƙwayoyin matata ne ba sa jurewa. Eh, janareto a Amurka. Ka faɗa wa duk wanda ka ga dama.

Ci kuwa na sarauta ne. Ba ya bin abinci, sai ya yi lamo a saman ruwa, abu ya zo gefen bakinsa, ya fizge da saurin da ido ba ya kamawa. Ƙananan jajayen kifayen da ake sayarwa da rai ba su da kyau gare shi, suna kawo cuta, suna kuma lalata bitamin B1 a jikinsa. Sai dai jatan lande da yankan karfasa, in miƙa masa da dogon hantsaki. Karfasa fa, Taubashi. Da kuɗina nake sayen kifi in ba kifi.

Na san Inna za ta ce yaushe za a ci shi. Ana ci. A Luwiziyana suna niƙa naman su mulmula su soya, a Tabasko ta Meziko gasawa suke yi, sai dai ƙwansa guba ne ga mutum, kuma da almakashin yankan kwano ake buɗe bayansa. Na taɓa kawo zancen barkono a gaban yaron, sai da uwarsa ta shiga tsakani kafin ya sake gaishe ni.

Kada kuma ka fara tunanin in taho maka da ƴaƴansa ka zuba a gulbi. A 2022 a garin Ruzhou na ƙasar Sin sai da aka zuƙe tafki guda don a kama masu kan kada da suka ɓulla a ciki, Japan kuma tun 2018 ta hana shigo da shi. Kasuwar da nake hango maka ta wannan ɓangaren ce. A shagon nan na ga gartsa, gartsanmu da ka sani, a gilashi da fitila da farashi a dala, Turawa suna ɗaukarsa hoto. Na gaishe shi, bai amsa ba, ya riga ni zama ɗan ƙasa.

Ka gaida Inna. Kawu kuwa ka ce masa na shiga kiwon kifi, kada ka ƙara kada ka rage. In ka samu mai tahowa, ka aiko mini da banda, a naɗe sosai, a rubuta yaji a jikin ƙullin. A mota zan ci.

Naka,
Taubashinka na Hustan