Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Alhaji MP4

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da suka cika wayoyin duniya, ina ɗaya daga cikin masu tace hoto da ake jibge ka a gabansu kullum a ce, "A ɗan gyara mana, gobe muke so." Magana ce ta daɗe tana cin raina, na ga gara in faɗa maka da kaina kafin ka ji a bakin wani.

Na san za ka ce kai mazubi ne kawai, an gina ka a kan tsarin QuickTime na Apple, kuma mai matse hoton da ke cikinka shi ne yaronka H.264, wanda aka kammala a 2003. Na ji. Amma idan yaro ya yi ɓarna, ƙofar maigidansa ake zuwa a yi sallama.

Ga abin da yaron nan yake yi. A kowace daƙiƙa ta bidiyo akwai hotuna 25 ko 30 a jere. Shi sai ya ajiye ɗaya cikakke, sauran da ke biye kuma ya rubuta musu ɗan bayani kawai: "Amarya ta ɗaga hannu, komai yana nan kamar na baya." Akwai ma waɗanda ba sa tsayuwa sai sun leƙa na bayansu sun leƙa na gabansu. Mai kallo a waya bai san ana yi ba, domin shi gaba kawai yake tafiya. Ni kuwa aikina gaba da baya ne. Ina neman daidai lokacin da uwar ango ta manna wa mawaƙi kuɗi a goshi, in yanka a nan, ba kafin hannun ya iso ba, ba bayan takardar ta zamo ba. Da na ja hoton baya kaɗan, dole kwamfuta ta koma can wurin cikakken hoton nan, ta biyo bayanan ɗaya bayan ɗaya, kafin ta haɗa mini firem ɗin da na tambaya. Fanka ta kama kuka, hoto ya sandare, Hajiya ta tsaya da hannu a sama kamar mai rantsuwa a kotu, ni kuma ina zaune ina kallonta.

Idan daga waya ka fito, abin ya fi muni. Waya takan sauya yawan hotunan da take ɗauka a daƙiƙa, musamman idan haske ya yi ƙasa, ba ta shawarci kowa ba. A farkon biki baki da murya suna tafiya tare. Kafin a zo yanka kek, maroƙi ya rufe baki tuni amma kirarinsa bai ƙare ba.

Shi ya sa kafin mu taɓa ka sai mun juya ka. Mu mayar da kai ProRes, wanda Apple ta fitar a 2007, ko DNxHD na Avid, inda kowane firem ke tsaye da ƙafarsa ba ya bin maƙwabci bashi, mu kuma ɗaure ka a kan adadi ɗaya a daƙiƙa. Allah ya saka wa Bafaranshen nan Fabrice Bellard, wanda ya fara FFmpeg a 2000: kyauta ne, kuma yawancin manhajojin juyi da ke da maɓallai masu kyau shi ne ke yi musu aikin a bayan labule. Sai dai, Alhaji, ka san yadda kake kumbura idan an kwance ka? YouTube na ba da shawarar a ɗora hoton 1080 a kan megabit 8 a daƙiƙa, wato awa guda ba ta kai giga 4 ba. Wannan awar, a ProRes 422, megabit 122 take ci a daƙiƙa, kusan giga 55. Biki ɗaya mai kamu da dina da walima, ma'ajiyar kwamfuta ta cika fal, sai an fara duba bikin wa za a goge.

Da a ce kumburin nan kyau yake ƙara maka, da ban rubuto ba. Nan ne muke shan rigima da masu aiki. Mutum ya ji fayil ya tashi daga giga 4 zuwa 55, sai ya ɗauka hoton ya zama na silima. Kilishi kuwa ko kwana ya yi a ruwa ba ya komawa ɗanyen nama. Abin da yaronka ya zubar ya tafi. A tsarin da ya saba, kashi ɗaya cikin huɗu na bayanin launi yake riƙewa, shi ya sa jan leshi ke malala ya wuce gefen mayafi. Matakai 256 kawai yake ba kowane launi daga duhu zuwa haske. ProRes yana da 1024, amma juyi ba ya cike giɓin da ke tsakani. Da na ce bari in ɗan ƙara haske a fuskar ango da aka ɗauka da dare, sai inuwa ta farfashe ta zama murabba'i-murabba'i, aikin da aka kashe wa kuɗi a wuyan babbar riga ya koma dama-dama. A ce edita bai iya aiki ba.

Za ka ce sababbin kwamfutoci suna karanta ka kai tsaye ba tare da haki ba. Gaskiya ne, ga mai halin saye. Za ka ce akwai dabarar yin ɗan ƙaramin wakili mara nauyi a yi yanka da shi, a dawo da kai a ƙarshe. Muna yi, shi ma juyi ne, shi ma jira ne, kuma janareta ba ruwa yake sha ba. Danginka ma ba su kawo sauƙi ba: H.265 na 2013 da AV1 na 2018 sun fi yaronka matsi, sun fi shi wahalar kwancewa a tsohuwar na'ura. Marigayi FLV dai ba za mu tone shi ba, tunda ya bi Flash da aka yi wa sutura a ƙarshen 2020.

Ba zan hana ka haƙƙinka ba. Data tana da tsada, kuma da ba ka iya ƙanƙantar da kai ba, da 'yar uwar amarya da ke aure a wata ƙasa ba ta ga bikin ba. Abin takaici ma, bayan na gama duk wannan wahala, aikin nawa a cikinka zan sake zuba shi in miƙa, don babu mai karɓar giga 55 a waya.

Alfarma nake nema, tunda kai ne ke shiga aljihun kowa. Ka gaya wa mutanenka su kawo katin kyamara ko fayil na asali, su daina turo wanda ya bi ta manhajar hira sau uku, kowace ta sake matse shi ta yanki rabonta. Idan dole sai an turo, a turo shi a matsayin fayil. Ka kuma ja kunnen masu goge sunanka a ƙarshen fayil su rubuta MOV su ce sun juya. Muna buɗewa muke ganin yaronka zaune a ciki, ya canza hula kawai.

Naka,
Wani mai tace hoto, Titin Zoo, Kano