Kure Mai Fatar Akuya a Kwarin Farin Ciki

Gatanan gatananku.

Ta zo mu ji ta.

Ku gyara zama, amma ku sani wannan tatsuniya babu Gizo a cikinta. Garin da aka yi ta yana nan, shekarunta kuma a rubuce suke a kundin kotu.

A ƙasar Amurka, cikin jihar Pennsylvania, akwai wani kwari a gindin dutsen Nittany wanda mazaunansa ke kira Kwarin Farin Ciki. A nan namun daji suka kafa babbar jami'arsu. Ana karatu sosai, amma abin da ya kai sunan kwarin nesa ƙwallo ce, irin tasu ta can wadda ake rungumewa a ƙirji a sheƙa da gudu, ƙarti na bi suna kayarwa. Filin wasan yana cin dabba fiye da 100,000. Ranar Asabar idan za a kara, mai masauki ya samu, mai abinci ya samu, jami'a ta samu, har mai tallan huluna a bakin titi sai ya koma gida da na cefane.

Mai wannan fili shi ne tsohon Zaki. Tun 1966 yake jan ragamar 'yan wasa, ya ciwo kambun ƙasa a 1982, ya sake a 1986. Yakan matsa wa 'yan wasansa su shiga aji, ya ba da dukiyarsa aka faɗaɗa ɗakin karatu, takensa kuwa nasara tare da mutunci. Manya da yara Baba suke ce masa. Tun yana raye aka ƙera gunkinsa na tagulla aka kafa a gefen fili.

Na hannun damansa Kure ne, mai horar da 'yan tsaron baya, wanda ya kama aiki a gidan tun 1969. Kowa ya san halin kura, to amma wannan fatar akuya ya yafa, ta kuma zauna masa daram. Ga fara'a, ga barkwanci, ga son yara. A 1977 ya kafa gidauniya mai suna Second Mile don taimakon 'yan awakin da uba ya tafi ya bari, da 'yan barewar da uwa ke fita nema tun asuba, da yaran da makaranta ta gaji da rigimarsu. Yara da yawa sun amfana, wannan gaskiya ne, kuma wannan gaskiyar ce ta zame masa mayafi. Daga cikin garken yake zaɓa. Zai saya wa yaro takalmi, ya ba shi kwamfuta, ya kai shi bakin fili ya tsaya kusa da gwanayen da yake gani a talabijin. Wani ma har jihar Texas ya tafi da shi kallon wasa. Daga nan sai motsa jiki, sai wanka a banɗakin 'yan wasa, sai kwana a ɗakin ƙarƙashin gidansa. Abin da ke biyo baya lalata ce, bakina kuma ba zai wuce nan ba.

Kada wani ya ce don me yaran ba su yi magana ba. Ɗan akuyan da malamai suka riga suka sa wa sunan fitinanne, wa zai ji ta bakinsa a kan bawan Allah mai ciyar da marayu? Ga takalmin a ƙafarsa, ga uwarsa kullum tana sa wa Kure albarka.

A 1998 wata Akuya ta ga ɗanta mai shekara 11 ya dawo gida gashinsa jiƙe. Ta tambaye shi, ya ce sun yi wanka tare da Kure. Ba ta yi shiru ba, ta kira Karnukan jami'a masu tsaron doka. Karnuka suka ɓuya a ɗaki na kusa, ita kuma ta tsare Kure a falonta ta tambaye shi ido da ido. Ya amsa ya yi wanka da yaron, ya ce bai kyauta ba, ya ce ina ma ya mutu ya huta. Karnuka sun ji da kunnensu, sun rubuta rahoto mai kauri. Gauraka, mai gabatar da ƙara na gundumar, ya duba ya ce ba za a kai kotu ba. Gwanki, mataimakin shugaban jami'a wanda Karnuka ke ƙarƙashinsa, ya san da maganar har ya rubuta a takardunsa. Biri, shugaban sashen wasanni, shi ma ya sani. Aka rufe fayil.

Shekara na zagayowa Kure ya ajiye aiki. Aka sallame shi da girma, aka bar masa ofis, aka bar masa mabuɗan gidan 'yan wasa.

A 2000, wani dare, tsohon Kunkuru mai shara ya shiga banɗakin nan da tsintsiyarsa, ya ga Kure da wani yaro. Ya fito jiki na rawa, yana kuka, har abokan aikinsa suka zaci zuciyarsa ce za ta buga. Ya ce musu ya je yaƙin Koriya, ya ga gawarwaki kaca-kaca, amma abin da ya gani yanzu ba zai bar ransa ba har kabari. Masu shara suka yi cirko-cirko.

"Mu kai ƙara," in ji ɗaya.

"Wurin wa? A gidan Baba? Kafin gari ya waye an kore mu duka. Su waye mu?"

Kowa ya mayar da kansa cikin ƙoƙon bayansa. Ina jin zafin shirunsu, amma ba a kansu fushina ya fi yawa ba. Gidan da mai shara ya tabbata gaskiya za ta raba shi da abincinsa, manyan gidan ne suka gina shi haka.

Sai daren wata Juma'a a watan Fabrairu na 2001. Raƙumin Dawa, matashi mai koyon aikin horarwa wanda a gidan ya tashi, ya shiga ajiye takalmansa. Ya ji motsi a banɗaki, ya leƙa, ya ga Kure da yaro ɗan kimanin shekara 10, a halin da bai yi shakkar lalata ce ba. Ya buga ƙofar akwatinsa da ƙarfi don su san da mutum, ya sake leƙawa, sannan ya fita. Dogo ne, ƙaƙƙarfa, amma ya fita ya bar yaron a can. Ya kira mahaifinsa. Da safe ya tafi gidan Zaki.

Daga nan ku bi maganar da kyau, ku ga yadda take ramewa a hanya.

Raƙumin Dawa ya zauna gaban Zaki, kunyar tsoho ta kama shi, bai iya faɗin abin da sunansa ba. Ya dai ce, "Ranka ya daɗe, na ga Kure da yaro, abin da na gani kuma ya wuce gona da iri, harka ce ta lalata." Zaki ya yi jugum, ya ce masa ya kyauta da ya zo, saura kuma nasa ne. Ranar Asabar ce. Daga baya da kansa ya faɗa cewa bai so ya ɓata wa manya hutun ƙarshen mako ba. Sai Lahadi ya gana da Biri da Gwanki. Su kuma sai da aka yi kwana wajen goma kafin su zauna da Raƙumin Dawa. Shi ya ce ya fayyace musu komai, su suka ce ba haka suka ji ba. Kafin magana ta isa kunnen Dila, shugaban jami'a, ta koma wai an ga Kure yana wasa da yaro a wurin wanka.

Duk da haka sun tsara abu uku: a ja kunnen Kure, a sanar da gidauniyarsa, a kai rahoto hukumar kula da yara ta jiha. Bayan 'yan kwanaki Biri ya rubuto wasiƙa cewa ya sake tunani, ya kuma tattauna da Baba, hankalinsa bai kwanta da tsarin ba, gara a fara zama da Kure shi kaɗai. Dila ya amsa cewa wannan hanya ce ta tausayi. Ya ƙara da cewa illarta ɗaya, idan Kure bai ji gargaɗi ba, su ne za su shiga uku don ba su kai rahoto ba. Abu na uku ya faɗi a hanya, ba wanda ya sunkuya ya ɗauka. Aka ce wa Kure kada ya ƙara kawo yara gidan 'yan wasa. Mabuɗan kuwa suna aljihunsa.

Rufin asiri abu ne mai kyau, Allah ya rufa mana namu. Amma a tambaya asirin wa aka rufa, da mayafin wa. An tausaya wa Kure, an ji tsoro don sunan jami'a, an kiyaye hutun manya. A duk zaman da aka yi da wasiƙun da aka rubuta, babu wanda ya ce, "Yaron nan ɗan wane ne? Ya isa gida kuwa? Uwarsa ta sani?" Manya huɗu masu ofis da waya da Karnuka a ƙarƙashinsu, ba ɗaya da ya tura a nemo shi. Hana Kure kawo yara cikin gida kuwa ma'anarsa ɗaya ce: ya je ya yi a waje. Ya kuma yi. Akwai yaran da bai ma san su ba sai bayan wannan shekara.

Ɗaya daga cikinsu wani ɗan barewa ne a wata gunduma ta maƙwabta, inda Kure ke taimakawa da horar da 'yan sakandare kyauta, har yakan fitar da shi daga aji. A 2008, yana da shekara 15, yaron ya buɗe baki. Uwarsa ta ce a makarantar an fara ba su shawarar su koma gida su sake tunani, don Kure mai zuciyar zinariya ne. Ba su koma ba. Suka wuce ofishin kula da yara, aka saurare shi, aka yarda da shi. A 2009 bincike ya koma hannun babban lauyan jiha, ya yi ta jan ƙafa. Wata 'yar ƙaramar Tsattsewa mai ɗauko wa jaridar Harrisburg labari ta yi ta bin gidaje tana ƙwanƙwasa ƙofa, har a watan Maris na 2011 ta buga cewa ana binciken Kure. Kwari ya karanta ya kau da kai.

Ranar 29 ga Oktoba na shekarar Zaki ya ci wasansa na 409, aka yi ta shewa. Ranar 5 ga Nuwamba aka kama Kure. Ranar 9 hukumar jami'a ta sauke Zaki da Dila. A daren nan dubban ɗalibai suka cika titi, suka kifar da motar 'yan talabijin, suna kiran sunan Baba. Ba don yaran suka fito ba. Sai bayan kwana biyu wasu dubbai suka taru da kyandir don waɗanda aka zalunta. Shi kuwa ɗan barewa, abokan karatunsa suka sa shi gaba cewa shi ya jawo wa Baba, har ya bar makarantar.

Zaki ya ce da ya san abin da ya sani yanzu, da ya yi fiye da abin da ya yi. Ciwon daji na huhu ya ɗauke shi a watan Janairu na 2012, yana da shekara 85.

A watan Yuni aka zauna kotu a garin Bellefonte, a nan fatu suka zube. A takardun kotu ba a rubuta Kure ba, Jerry Sandusky aka rubuta. Zaki shi ne Joe Paterno, Dila Graham Spanier, Biri Tim Curley, Gwanki Gary Schultz, Raƙumin Dawa Mike McQueary, jami'ar kuma Penn State. Tsattsewa ita ce Sara Ganim, wadda aikin nan ya ba ta lambar Pulitzer tana da shekara 24. Yaran kuwa a takardar tuhuma lamba aka ba su, daga 1 zuwa 10. Takwas suka tsaya gaban alƙali, samari da magidanta, suka faɗi abin da aka yi musu, Kure na zaune yana kallonsu. Biyu ba su zo ba, don masu ƙara ba su san ko su waye ba: wanda Kunkuru ya gani da wanda Raƙumin Dawa ya gani. Shi Kunkuru a lokacin tsufa ya riga ya cinye tunaninsa, abokin aikinsa ne ya ba da shaida a madadinsa. Aka sami Kure da laifi 45 cikin 48, aka yanke masa ɗaurin shekara 30 zuwa 60.

Jami'a ta ɗauko Shaho, wato Louis Freeh, tsohon shugaban hukumar FBI, ya tono wasiƙun nan ɗaya bayan ɗaya. Rahotonsa na watan Yuli ya ce manyan huɗu sun ɓoye magana don gudun ɓacin suna, ba su damu da lafiyar yara ba. Iyalan Zaki sun ƙi yarda da rahoton, sun ce an zalunci mamaci. Aka ɗauke gunkin tagulla. Hukumar wasannin jami'o'i ta ci jami'ar tarar dala miliyan 60, ta soke nasarori 111 daga lissafin Zaki. Jami'a ta biya waɗanda aka cuta fiye da dala miliyan 100, masu neman diyya kuma sun haura 30, nesa da goman da aka kai kotu.

Kwari bai huta ba sai da ya ƙwato lissafinsa. Aka shiga shari'a, 'yan majalisa suka sa baki, a watan Janairu na 2015 aka mayar wa Zaki nasarorinsa, ya koma 409. Ƙwallo kam ta sami masu tsaya mata, cikin shekara biyu da rabi an biya ta. Yaron banɗakin 2001 sai da ya jira shekara 16 kafin kotu ta ce manya sun yi masa laifi. A 2017 Biri da Gwanki suka amsa ƙaramin laifi na jefa yara cikin haɗari, aka kuma sami Dila da irinsa. Biri da Gwanki suka yi 'yan watanni a kurkuku. Dila ya yi ta ɗaukaka ƙara har 2021, sannan ya shiga ya yi wata biyu ya fito. Kure yana ɗaure, yana ta neman a sake masa shari'a, yana cewa bai taɓa kowa ba.

Ƙurunƙus.