Farautar Kwabo a Taba

Tara tsofaffin sulalla, wato tsabar kuɗi ta ƙarfe, harka ce da ta dogara ga abin da masu ita ke kira shekarar ƙaranci, ma'ana shekarar da gidan buga kuɗi ya fitar da wani nau'in tsaba kaɗan ƙwarai, har ya zama wanda ya tsinci ɗaya ya tsinci abin da ya ninka darajar da aka rubuta a jikinsa. A Amurka, inda harkar ta yi ƙarfi, akwai 'yar senti biyar da suke kira nikel saboda ƙarfen da aka gauraya a cikinta, kuma wani samfurinta na 1913, wanda guda biyar kacal aka san da su, an sayar da ɗaya a kan fiye da dala miliyan huɗu a 2018. Hanyar neman kuwa ita ce mutum ya riƙa duba shekarar duk tsabar da aka ba shi canji.

Wannan labari ne ya shiga kunnen wani malamin firamare a Taba, ya hana shi barci, domin ya lissafa cewa ƙasar da ta ga anini da ɗari da kwabo da taro da sisi da sule da fataka ba za ta rasa abin da wani bature zai yi kuka a kansa ba. Abin da lissafin bai kama ba shi ne hanyar Amurkawa tana bukatar tsaba ta kasance tana yawo a hannun jama'a, alhali sulallan kwabo 50 da naira 1 da naira 2 da Babban Bankin Najeriya ya fitar a 2007 sun daɗe da ɓacewa daga ciniki. Ya bi kasuwannin Makarfi da Ikara yana sayen rake da mazarƙwaila da bai da bukata don a ba shi canji, aka riƙa cika masa hannu da alewa da ashana, har wani mai shayi a Hunkuyi ya tambaye shi a asirce ko wani boka ne ya umarce shi ya kawo kwabo, ya kuma ba shi shawarar ya sake boka.

Da kasuwa ta gaza sai ya koma ɗakin kakarsa, inda ya tarar da liyari a cikin wani tsohon adudu, wato babbar tsabar azurfar nan mai kan Mariya Tariza, sarauniyar Ostiriya, wadda fatake suka shigo da ita ƙasar Hausa ta hamada, mata kuma suka mayar da ita abin ado. Shekarar da ke jikinta 1780 ce, wadda ta girmi jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na 1804, don haka malamin ya fara taya filaye a zuci. Tsohuwar, bisa wasan da ke tsakanin kaka da jika, ta ce masa, "Maigida, in dai sadakina za ka biya da shi, ka ƙaro, don kishiyoyina ma kowacce tana da irinsa." Gaskiya ta faɗa, domin tun bayan rasuwar sarauniyar a 1780 aka ci gaba da buga wannan kuɗi da shekarar nan ɗaya, a Biyana da Landan da Bombai da wasu birane, ɗaruruwan miliyoyi, ta yadda maƙerin farin da ya kai wa a Zariya bai ko kalli shekarar ba, ya ɗora shi a sikeli ya faɗi kuɗin azurfa. Sulallan Tarayyar Najeriya da ya kwaso a wannan adudu ma haka suka yi masa, domin taro mai auduga da sisi mai koko duk 1959 suke ɗauke da ita, ko da daga baya aka buga su.

Sauran fatansa ya koma kan kwabo mai huji na Afirka ta Yamma, wanda aka fara bugawa a 1907, mai tauraro mai tsini shida da rubutun larabci, musamman na 1936 mai sunan Sarki Edward na Takwas, wanda ya hau gadon Ingila a watan Janairu ya sauka a Disamba. A Ingila ba a kai ga sakin kuɗinsa ga jama'a ba, amma na nan yankin ya fita, saboda hujin tsakiya bai bar wurin hoton sarki ba, suna kawai ake bukata. Wani dattijo ya tuna masa cewa kafintocin da sukan sa irin wannan kwabo a ƙarƙashin kan ƙusa idan suna rufin kwano, kuma zauren gidansu tsohon rufi ne. Malamin ya jira aka tafi sallar Juma'a a ƙauyen gaba, ya hau da tsani, ya bi ƙusoshi yana zarewa, kuma cikin ikon Allah ya sami na 1936 ɗin, sai dai kafin ya gama murna akuya ta ture tsanin, ya zauna a kan kwano mai zafi har masallata suka dawo suka same shi yana yi musu sannu da zuwa daga sama, kawunsa na tambaya, "Malam, yau a nan aka yi darasin?"

Garin neman ƙiba aka samo rama, domin kwabon Edward miliyoyi aka buga, ba ya cikin masu wuyar samu, kuma ɗan abin da ya rage na darajarsa malamin ya ƙarasa shi da kansa lokacin da ya dirje shi da toka da lemun tsami don ya yi ƙyalli, alhali masu saye sun fi son tsaba da dattin shekarunta. Ruwan farko na daminar ya sauka a kan buhunan masarar da ke zauren ta kowace ƙofar ƙusa. Kafintan da ya gyara rufin takardun naira ya karɓa, ya kuma roƙi a ba shi kwabon ya mayar inda aka ciro shi, domin a cewarsa ya fi na roba da ake sayarwa yanzu riƙe ƙusa.