Gawo da shamuwa sun ci mini iri

Kawuna na Roni ne ya koya mini karatun sama. Ya ce in ka ga shamuwa ta sauka tana ɗibar kirare, gawo kuma ya zubar da ganye, to ɗauko sungumi. Gawo dai bishiya ce mai taurin kai: da rani, kowa ya bushe, shi yana kore shar, damina na kankama sai ya tuɓe.

A Mayun 2024 ina kan babur daga Kazaure zuwa gonarmu ta gado, sai ga shamuwa biyu a kan tsamiya. Na ƙarasa na tarar da gawonmu tsirara. Daren nan hadari ya taso daga gabas, aka yi ruwan da ya kashe ƙura. Na ce shaidu uku, ko alƙali ne ai ya yanke hukunci. Washegari na binne irin gerona kaf, har da tiya biyu da na ranto. Maƙwabcina na gona yana kallona yana girgiza kai, na ce a raina hassada ce.

Gero ya tsiro gwanin sha'awa. Sai sama ta ɗauke kamar an rufe famfo, kwana 19 cur. Kullum da la'asar hadari ya haɗu baƙi ƙirin, in fito in ɗaga kai har wuya ya ƙage, iska ta kwashe shi ta yi Gwiwa da shi. Shuka ta ƙone ƙurmus.

Na je na durƙusa gaban Kawu. "Kawu, alamunka sun cinye mini iri."

"Gawon zubarwa ya yi, ko sara aka yi?"

Na yi shiru. A lokacin Babbar Sallah saura 'yan makonni, ashe yaran da ke kiwon ragunan layya ne suka sassare rassan.

"To shamuwar fa?"

"Ita ma lissafin ya ƙwace mata, ɗana. Yanzu ana tsakiyar kaka ruwa ke jiƙa gyaɗa a shanya."

Na ce to shi yaushe zai yi shuka? Ya laluba ƙarƙashin tabarma ya zaro 'yar rediyonsa mai ɗaurin roba. "Ni sai na ji abin da masu hasashen yanayi na NiMet suka ce."

Na roƙe shi rancen iri. Ya ce akwai mai kyau a kasuwar Babura, in tafi da kuɗina.