Yadda ake ba ka mai a kuma biya ka

Ranar Litinin 20 ga Afrilun 2020, kasuwar ɗanyen man Amurka ta tashi ana sayar da ganga a kan dala 37.63 ƙasa da sifili. Ka natsu, ɗan'uwa, mu bi abin daki-daki. Ƙasa da sifili na nufin mai kaya ya miƙa maka ganga, ya sa hannu a aljihu ya ƙara maka dalar Amurka 37 da 'yan kai, sannan ya yi maka godiya. In kana Birnin Konni ko Malbaza a ranar kuma ba ka karɓi rabonka ba, ga matakan da ka tsallake.

Da farko sai ka san abin da ya kawo rahamar. Duniya kan sha kusan ganga miliyan 100 a kullum. Da korona ta zo, jirage suka sauka, motoci suka tsaya, a watan Afrilu buƙata ta ragu da kusan ganga miliyan 30 a rana. Ana cikin haka Saudiyya da Rasha suka saɓa a taron Biyana na watan Maris, Saudiyya ta karya farashi ta ƙara haƙa. Rijiyar mai kuwa rufe ta kuɗi ne, wata ma in an rufe ba ta dawowa yadda take. Don haka mai ya ci gaba da fitowa babu mai sha.

Ka san manomin albasa na Galmi a shekarar da kowa ya noma. Rudu ya cika, ɗaki ya cika, dillali ya taya farashin da bai kai kuɗin buhu ba. Shi manomi yana da mafita, ya zube ta bayan gari awaki su shinshina su wuce. Mai ɗanyen mai doka ta hana shi zubarwa, wurin ajiya kuma duk an kama. Abin da ya rage masa shi ne ya nemi wanda zai ɗauke masa kaya, ya biya shi.

Yanzu ga aikinka. Ba a sayar da ganga ɗaya. Takardar ciniki guda ganga 1,000 ce, kowace ganga lita 159. Ka samu lita 159,000 ke nan, da dala 37,630 a kai. Wurin karɓa shi ne Kushin, wani ƙaramin gari a jihar Okalahoma inda bututai da manyan tankuna suka haɗu. Ka tanadi jarka mai lita 25 guda 6,360, ka duba murfin kowace, ka sa leda a bakin wadda ke yoyo. In ɗan kabu-kabu yana ɗaure shida a babur, sawu 1,060 zai yi. Ku gama maganar kuɗin sawu tun kafin a tashi, domin akwai teku a hanya. Ka kuma hanzarta, wa'adin takardar washegari 21 ga wata yake cika.

Idan kaya sun iso, kada ka zuba a babur ko a injin ban ruwa. Ɗanye ne, sai an tace. Matatar ƙasar Nijar ita ce SORAZ da ke kusa da Damagaram, wadda aka buɗe a 2011 don ta tace ganga 20,000 a rana, kuma man Agadem take jira ta bututu. Ka yi haƙuri ka bi layi.

Sai maganin da manya suka samo, wanda ya kamata ka fahimce shi sosai. Tun ranar 12 ga Afrilu ƙungiyar OPEC, lokacin marigayi Muhammad Barkindo ɗan Yola yana babban sakatarenta, ta shirya da Rasha da sauran ƙawaye a rage ganga miliyan 9.7 a kullum daga 1 ga Mayu. Ka lissafa: abin da aka gina SORAZ ta tace a rana sau 485. Ƙa'idar mai sauƙi ce. Idan mutane ba su da halin saye, sai a rage kaya har ya yi tsada. Idan ya yi tsada, an ce kasuwa ta farfaɗo. Haka kuwa aka yi, kafin shekara ta ƙare ganga ta koma wajen dala 50.

Za ka tambaya me ya sa arahar ba ta leƙo kwalbar da ke kan tebur a bakin hanyar Konni ba, wadda yaro ke juyewa ta mazurari da tsumma a baki. Tambaya ce mai kyau. Konni ta riga duniya shan maganin da wata takwas. A watan Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, a Nuwamba kuma kwastam ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Illelar Sakkwato, ba Illelar Tahoua ba, tana cikin wannan zobe, daga can kuma jarkokin 'yan ruwa-ruwa suka saba fitowa. Ko da Najeriya ta sauke lita daga naira 145 zuwa 125 a watan Maris, ragin sai ya bi ta daji da dare, kowane shinge ya ɗebi nasa, ya iso Konni a gajiye. A gidan mai na Konni kuwa gwamnati ce ke yanka farashi, allon ba ya sauraron rediyo. Ba a sake buɗe ƙofar Illela ba sai 16 ga Disamban 2020, lokacin ganga ta riga ta warke.

Ni abin da ke damuna shi ne mai lambu a Galmi da ɗan kabu-kabun Malbaza, waɗanda suka sayi kowace lita da kuɗinsu a watan da aka raba mai kyauta da tukwici. Saboda haka in ka sake ji an ce mai ya faɗi a kasuwar duniya, ka tafi wurin mai kwalba da kuɗinka cif, ka ƙara 'yan canji a ɗaya aljihun.