Ɗaki Mai Taga a Jirgin Yawo

Kalmar kujera, a bakin mutanen Bauchi tsakanin ƙaramar salla da babba, ba ta nufin abin zama mai ƙafa huɗu, domin abin da ake kira kujerar Makka ba kafinta ne ya haɗa shi ba, kuma babu wanda ya taɓa jingina bayansa da shi. Gurbi ne kawai a cikin adadin da Saudiyya take yanka wa kowace ƙasa a shekara, bisa ƙa'idar da ƙasashen Musulmi suka amince da ita a taron Amman na 1988, wato mutum 1,000 daga cikin kowane Musulmi miliyan ɗaya. Wannan adadi shi Hukumar Alhazai ta Ƙasa, wadda aka kafa a 2006, take rabawa gida biyu, ta ba hukumomin jihohi kaso mafi tsoka, ragowar kuma ta ba kamfanoni masu zaman kansu da ake yi wa laƙabi da jirgin yawo. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan laƙabi da kyau, saboda a kansa ne mai wannan rubutu ya yi tuntuɓe, kuma don a rage masa kunya, daga nan za a riƙa kiransa maniyyacin, wato wanda ya ƙulla niyya amma ƙafarsa ba ta bar gida ba.

A 2022 kujera ta yi irin tsadar da kuɗi ba ya maganinta. Annobar korona ta sa a 2020 da 2021 ba a bar kowa ya shiga hajji daga waje ba, alhali dubban mutane sun riga sun zuba kafin alƙalami, wato kuɗin da ake fara ajiyewa don a rubuta sunan mutum kafin a yanke farashi, sun kuma bar abinsu a can suna jira. Da Saudiyya ta sanar cikin watan azumi cewa mutum miliyan ɗaya ne za su yi hajji, sai rabon Nijeriya ya faɗo daga 95,000 da aka saba zuwa 43,008, tare da sharaɗin kada mutum ya kai shekara 65, kuma sai ya yi allurar riga-kafi. Maniyyacin, wanda ya shafe waɗannan shekaru biyu yana faɗi a majalisa cewa shi ba zai kai kuɗinsa su yi barci a hannun wani ba, sai bayan sallar azumi ya sayar da filinsa na Yalwa, ya haɗa kusan naira miliyan biyu da rabi, abin da ake biya a Arewa a shekarar, ya zura babbar riga ya nufi ofishin da abin ya shafa da takun mutumin da ya zo yin alfarma. Ma'aikacin da ya tarar ya karɓe shi da mutunci, ya ba shi kujerar roba ya zauna, wadda bincike ya tabbatar ita kaɗai ce kujerar da ya samu a wannan ofishi, sannan ya shaida masa cewa an cika, amma za a iya sa sunansa a jerin masu jiran tsammani.

Irin wannan hali sananne ne a jiragen ruwa na shaƙatawa, waɗanda ke yawo da mutane mako ɗaya ko biyu a Bahar Rum ko tsibiran Karibiyan, inda abin da ake saya ɗaki ne, ɗakunan kuma kan ƙare watanni kafin ranar tashi. Waɗanda suka san harkar ba sa ɗaukar "an cika" a matsayin maganar ƙarshe, domin idan ranar kammala biya ta zo wasu kan gaza, ɗakunansu su dawo kasuwa, dillalai kuma kan riƙe ɗakuna da sunan ayari, daga baya su saki waɗanda suka rasa mai saye. A Bauchi ma ta irin waɗannan ƙofofi gurbi yake buɗewa: wani ya kasa cika kuɗi, gwajin asibiti ya nuna wata tana da juna biyu, shekarun wani sun haura, ko kuma ta Allah ta kasance. Bambancin dai shi ne mai jiran ɗaki a Bahar Rum bai san fuskar wanda yake jira ya janye ba, na Bauchi kuwa sahu ɗaya suke sallar asuba da shi.

A nan ne maniyyacin, wanda dangi suka daɗe da sallama shi a fannin zumunci, ya zama mutum mai yawan gaisuwa. Ya riƙa sayen lemo da kankana a kasuwar Muda Lawal yana zaga gidajen waɗanda ya ji sunansu ya fito, idan ya tarar da mutum da mura ya zauna ya daɗe, ya tambayi jiki, ya tambayi hawan jini, ya kuma bi ta bayan gida ya tambaya ko likita yana ganin za a iya jifan Shaiɗan a cikin wannan zafi. Wannan shi Hausawa ke kira jiran gawon shanu. Adalci ya wajabta a rubuta cewa bai taɓa roƙa wa kowa sharri ba, abin da kawai aka lura shi ne idan aka yi wa mara lafiya addu'ar samun sauƙi, amin ɗinsa takan fito a makare, kuma ba da ƙarfi ba.

Babban abin da ya ɗora wa rai shi ne kawunsa, ƙanin mahaifiyarsa, tsohon ma'aikacin gwamnati da ya biya wa kansa da amaryarsa tun 2020. Duk wanda ya taɓa zama a zauren wannan dattijo ya ji yadda ya bi jirgin ƙasa da gudu ranar da ya fara shigowa Bauchi a 1961, da yadda ya hau bishiya yana kallo lokacin da aka kawo gawar Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa gida a 1966, kuma duk mai iya ƙirga da yatsu zai ga cewa shekara 65 ta daɗe da ba shi baya. Sai dai fasfonsa yana ɗauke da abin da ake kira shekarun aiki, wato shekarun da ma'aikaci kan yanka wa kansa don ritaya ta yi jinkiri, kuma a can an rubuta 1960. Maniyyacin ya durƙusa ya gaishe shi, ya ajiye ledar lemo, ya ce cikin ladabi, "Kawu, ashe kana da shekara ɗaya a duniya ka bi jirgi da gudu?" Dattijon ya ɓare lemo ɗaya, ya tsotsa, ya ce, "Ɗan nan, yaran da ba irin na yanzu ba ne. Ka gaida mutan gida, kuma gobe ka duba mai zaƙi."

Ana cikin haka ya haɗu da wani dillali a wajen mai masa kusa da kasuwar Wunti, mutum mai tsabta da carbi da waya biyu, wanda tun kafin su gama gaisawa ya kira shi Alhaji sau uku, kuma masu nazarin wannan al'amari sun haɗu a kan cewa daga nan aka gama cinikin, sauran duk cike takarda ne. Dillalin ya yi bayani cewa kujerun jiha sun ƙare, na jirgin yawo na sama ma sun ƙare, amma akwai jirgin yawo na ainihi, na ruwa, da ke tashi daga Sawakin ya kwana ɗaya ya wayi gari a Jidda. Shi ma ya cika maƙil, sai dai wani attajiri ya fasa, ya bar ɗaki guda mai taga da ke kallon teku. Ya nuna hoton wani farin jirgi mai hawa kamar goma, da tafkin wanka a samansa. Maniyyacin, wanda ba za a ce ba shi da lura ba, ya tambayi dalilin da ya sa alhazan cikin hoton suke sanye da gajeren wando da baƙin tabarau, dillalin ya amsa ba tare da ƙifta ido ba cewa ai ba su kai miƙati ba tukuna, wato iyakar da ake ɗaura harami. Amsar ta gamsar da shi ta fuskar fiƙihu, ya biya sulusin kuɗin filinsa, aka ba shi rasit mai hatimi biyu, ɗaya a juye.

Abin da ya sa ƙaryar ta zauna shi ne rabinta gaskiya ce. Kafin jirgin sama ya zama ruwan dare, ta gabas mutanen ƙasar nan suke zuwa Makka, su ratsa Borno da Wadai da Darfur a ƙafa ko a kan jaki, suna noma suna ƙwadago a hanya, wani ya shekara biyar, wani ya yi aure ya hayayyafa bai isa ba, har su kai gaɓar Bahar Maliya a Sawakin, ko a Fot Sudan bayan da Turawa suka gina ta a farkon ƙarni na 20, su shiga jirgin ruwa su ƙetare. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a ƙasar da take cikin Jihar Bauchi har zuwa 1996 da aka cire Gombe, wannan hanya mabiyansa suka bi, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Maniyyacin ya san duk wannan, kuma shi ya karanta wa uwargidansa lokacin da ta ce, "Malam, Bauchin da ko kogin kirki babu, ta ina jirgin zai zo ya ɗauke ka?" Ta saurari tarihin har ƙarshe, ta ce Allah ya kiyaye hanya, ta ɓoye takardun gidan da suke ciki.

Shiri ya kankama. Ya sayi harami da silifa, ya yi hayar kujeru 50 da rumfa don walimar ban-kwana, ya ba mai masa kuɗin shinkafa, sannan, da yake bai taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwarsa ba, ya tafi madatsar ruwa ta Gubi, wadda birnin ke sha daga gare ta, ya ba wani masunci kuɗi don ya saba masa da teku. Ba su yi nisan jifa daga gaɓa ba kwalekwalen ya yi 'yar girgiza, maniyyacin ya miƙe tsaye yana salati, abin da duk masunci ya hana, masar safe ta dawo ta hanyar da ta shiga, wayarsa kuma ta sulale daga aljihu ta riga shi nitsewa cikin nazarin ruwa. Ya yi kwana shida babu waya, bai damu ba, don a ganinsa mai ɗaki da taga ba ya jiran kiran kowa.

A rana ta bakwai ya koma ofishin don a cire sunansa daga jerin jira, ya ajiye rasit a kan tebur yadda ake ajiye kati na ƙarshe. Ma'aikacin ya juya takardar, ya sake juya ta don ya karanta hatimi na biyu, ya ɗago ya ce, "Malam, bizar fa?" Daga nan ya yi masa bayanin da ya kamata a ce da shi aka fara, cewa ɗaki wurin kwanciya ne kawai, biza kuwa, wato izinin shiga ƙasa, ta hajji ba ta fitowa sai daga cikin adadin nan na 43,008, don haka ko da jirgin yana nan, ko da ɗakin yana nan, iyakarsa tashar Jidda a juyo da shi. "Tagar dai za ta yi maka amfani," in ji shi, "don ta nan za ka hango garin." Sannan ya buɗe littafi ya nuna masa inda aka kira lambarsa har sau huɗu cikin makon, saboda gurbi ya buɗe, da ba a same shi ba aka ba na bayansa. Gurbin na amaryar kawunsa ne, wadda gwajin asibiti ya nuna tana da juna biyu, hujjar da dattijon ya riƙa kafawa daga baya a kan cewa fasfo bai yi ƙarya ba.

Wayoyin dillalin guda biyu suka rufe a rana ɗaya, mai masa kuma ta ce ita ma tana binsa kuɗin kwano uku. Walima ba ta fasu ba, don ƙullu ya riga ya tashi, ƙullun masa kuwa ba ya jiran biza, sai aka mai da ita ta ban-kwanan kawu, maniyyacin ya wuni yana jera kujeru yana raba miya, baƙi suna yi masa barka da samun ladan hidima. Ranar Juma'a 8 ga Yuli ya kalli tsayuwar Arfa a talabijin, yana neman fuskar kawunsa a cikin fararen kaya, yaran unguwa kuma a waje suna gwada sabon sunan da suka raɗa masa, Alhajin Sawakin. Da mai hayar kujeru ya zo kwasar kayansa ya ƙirga ya ce biyu sun karye, maniyyacin ya biya kuɗinsu ya shigo da su gida. Ɗaya ba ta gyaru ba; ɗayar an ɗaure ƙafarta da waya an ajiye a zaure, ita 'yan gidan ke kira kujerar Makka, kuma a kanta kawu yake zama duk lokacin da ya zo ba da labarin Mina, da jaririn a cinyarsa.