Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Kwalekwalen Fito na Dam ɗin Shagari

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina gajiya, ina fama da lodi? Yaya tsaguwar nan ta gefenka da aka cusa wa tsumma aka shafe da kwalta, ta daina yoyo kuwa? Allah ya ƙara sauƙi.

Dalilin wannan takarda shi ne wani labari da ya iso mana a Lambara game da 'yan'uwanka na wasu wurare. Wai akwai jiragen da ba su da sana'a sai yawo da mutane. Mutum ya biya kuɗinsa, a zagaya da shi tafki, a sauke shi daidai inda aka ɗauke shi, kuma ya yi godiya. Ba kasuwa ya ci ba, ba biki ya je ba, ba ta'aziyya ba. Da na ba wani dattijo labarin a bakin tasha, sai ya tambaye ni ko mutanen suna da cikakkiyar lafiya.

Ba ma sai an je Turai ba. A Kenya baƙi na shiga jirgi a tafkin Naibasha don kawai su ga dorina tana hamma. A nan gida akwai tafkin Kainji, wanda ya taru bayan an datse kogin Kwara a 1968, da gandun dajin da ya ci sunansa, wanda aka haɗe dazukan Borgu da Zugurma aka yi, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 5,000. Can ma akwai dorina da kada da gwanki, ko da yake 'yan bindiga sun sa masu zuwa kallo sun ja baya.

Sai na ce, to, namu me ya rasa? Dorina dai ba ka da ita, amma ga zalɓe yana tsaye da ƙafa ɗaya, ga balbela, ga masunta na jefa birgi, ga fadamun albasa kore shar da rani. Baƙo ya biyo ta Sifawa, inda Shehu Usmanu ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815, ya tsaya Shagari mahaifar shugaban ƙasar da ya yi mulki daga 1979 zuwa 1983, sannan ya gangaro wurinka ya sha iska. Har na fara lissafin ribar da za mu ci.

Sharuɗɗan aikin ne suka sa jikina ya yi sanyi. Jirgin yawon shaƙatawa yana da adadin mutanen da yake ɗauka, in ya cika ya cika, ko surukin matuƙi ne ya zo sai ya jira. Kowa kuma sai an ɗaura masa rigar kariya daga nutsewa kafin a tashi. Kai kuwa, ranka ya daɗe, ban taɓa jin ka ce ka ƙoshi ba. Lissafinka bai wuce "a matsa, akwai wuri" ba. Babur ya hau, buhun gero ya hau, akuya ta hau an ɗaure mata ƙafafu, 'yan rakiyar amarya su zauna a kan gero, sai a ɗora yara a cinya tunda su ba a ƙirga su. Tsakanin bakinka da ruwa saura yatsa huɗu. Ga yaro a tsakiya da ɓarin jarka yana yasar ruwa, shi ne injiniyanka. Wanda ya yi atishawa sai duka jirgi ya harare shi.

A nan raha za ta ɗan dakata. A watan Afrilun 2022 mutum 29 na ƙauyen Gidan Magana suka rasu a ruwan Shagari. A watan Mayun 2023 aka sake rasa yara 15 na Dandeji. Itacen girki suka tafi nema. Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri. Duk lokacin da aka yi haka, manya kan zo jaje da motoci da alkawura, ƙura ta lafa, kai kuma washegari ka koma bakin aiki da tsummanka.

Na san za ka ce kai katako ne, ba kai ka hana a yi gada ba, ba kai ka cinye itacen wannan tsallaken ba, kuma ɗan abin da matuƙinka ke samu na fito bai isa ya saya wa fasinja riguna ba. Duk gaskiya ne. Shi ya sa nake roƙon ka miƙa kwafin wannan takarda ga Sarkin Ruwa, da ƙaramar hukuma, da masu kula da hanyoyin ruwa na ƙasa, tunda kai ka fi mu sanin inda suke shiga in ba a yi haɗari ba.

Maganar 'yan yawon buɗe ido na janye ta tukuna. A rubuta adadin mutanenka da jan fenti a jikinka, a rataye riguna a mashigi, har da ƙanana na yara. Ranar da aka ƙara maka mutum ɗaya a kan adadin, don Allah ka kafe a cikin laka ka ƙi motsi.

Wassalam. Naka,
wani ɗan Lambara da bai iya iyo ba.